Ranar da Mode Mai Ɗori Ya Ce Targaɗe Ne

Duk wanda ya taɓa karyewa a Taloka, ko ɗansa ya faɗo daga kan mangwaro, ko san nomansa ya gurɗe, ya san zauren Mode. Zaure ne ƙarami mai warin man shanu, ga damin karan dawa jingine a lungu, ga tsummokara wankakku a rataye. Mai zauren gajere ne, ƙaƙƙarfa, yatsunsa gajeru masu kauri, in ka gan su sai ka rantse ba abin da suka iya sai riƙon fartanya. Amma bari su sauka a kan ƙafarka. Kafin ka gama ba shi labarin yadda ka faɗi, sun riga sun gaya masa abin da ke ƙarƙashin fata.

Ɗori gadonsa ne, wurin mahaifinsa ya koya, shi ma wurin nasa uban. Ba da shi yake ci ba. Da damina gero da wake yake nomawa, da rani kuwa yana fadamar Rima cikin albasa kamar kowa. Kuma kada wani ya ce maka Mode mai lallashi ne. Ina! Mutum yana ihu, shi yana jan ƙafar yana yi masa faɗa, wa ya aike ka hawa babur da buhu har uku? Mata suna cewa bakinsa ya fi ɗorinsa zafi. Duk da haka daga Rimawa ake zuwa, daga ƙauyukan Rabah ake zuwa, don Mode ba ya rage magana. Abin da yatsunsa suka ji shi bakinsa ke faɗa, ko kai wane ne. In ya ce karaya ce ko tsagewar ƙashi, sai ka kwanta a ɗaure ka. In ya ce targaɗe ne, tashi ka ba mutane wuri.

Abu ɗaya ne ke raba Mode da hankalinsa, langa.

Wanda bai san ta ba sai ya ce wasan yara ce. To ya zo ya ga ta manya, wadda ake yi da la'asar bayan an kai amfanin gona gida. Kowane ɗan wasa zai maida ƙafa ɗaya baya ya kama yatsunta da hannu, ya tsaya a kan ɗayar, da ita zai yi ta tsalle har a tashi. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya mutu, sai ya fita fili. Kowane ɓangare yana da mutum guda da ake kira ruwa, shi ake so ya ratsa abokan hamayya ya taɓa turken da aka kafa a ƙarshen fili, sai a ce ya sha. Sauran aikinsu su tsare nasu ruwan, su kashe na wancan ɓangare. Da kafaɗa ake yi, da ƙirji, da hannun da ya rage. Ƙarti ne fa masu ɗaukar buhun albasa suke karo da juna a kan ƙafa guda, ƙasa kuwa ta bushe ƙamas, wanda ya faɗi sai ya bar mata fata.

Mode ya yi langa da ƙuruciyarsa. Bai taɓa zama ruwa ba, mai tsaro ne, kuma in za a faɗi gaskiya ba wani gwani ba ne. Amma son abin ya shiga jininsa. Da wani Alhaji mai fataucin albasa ya sa kofi tsakanin garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo, gasar da in an ci ka sau ɗaya sai gida, Mode ne ya naɗa kansa mai ɗorin 'yan wasan Taloka ba wanda ya roƙe shi. Kowace shekara Taloka sai ta yi nisa, kowace shekara Kwargaba ta koro ta. Mutanen Kwargaba kuwa ba su iya cin nasara da ladabi ba. In suka haɗu da Mode a kasuwar Goronyo sai su ɗaga ƙafa guda su gaishe shi, suna tambayar ko a kawo masa sanda. Dattijo da furfurarsa, sai ya dawo gida yana huci, ko tuwo ba ya ci.

Sai Allah ya kawo Zaharaddeen. Ɗan Fatsuma ne, shi kaɗai gare ta, ubansa ya rasu ya bar masa fangulan albasa a bakin gulbi, da su yake riƙe da uwarsa da matarsa. Dogo ne siriri, marar yawan magana, in yana tafiya ba ka ce ya iya komai ba. Amma ya kama ƙafar hagu ya tsaya kan ta dama, wallahi mai ƙafa biyu ba ya kamo shi. Yana kaucewa, yana birki, yana juyi a kan dunduniya, ƙato ya taho da kafaɗa ya sami iska. Shekarar da ya zama ruwan Taloka, tsofaffi suka fara cewa bana kam.

Akwai wata al'ada ta 'yan langa da ya kamata a sani. Ruwa ba ya janye kansa. Mai tsaro yana iya cewa yau ba ya jin daɗi, a sa wani, amma ruwa in ya ce ba zai shiga ba, ya kashe kansa a gari. An taɓa yin wani da ya ce zazzaɓi yake ji ranar babban wasa, 'yan mata suka sa shi a waƙa, har ya tafi cin rani bai ƙara dawowa ba. Hanya ɗaya ce ruwa zai zauna da mutuncinsa, mai ɗori ya taɓa shi ya ce ƙashi ya taɓu. Maganar mai ɗori ba a ja da ita.

A wasan kusa da na ƙarshe Taloka ta haɗu da Rimawa, ta kuma ci. Sai dai a tsallen ƙarshe, dab da turke, ƙafar Zaharaddeen ta dama ta faɗa cikin sawun shanu da ya bushe tun damina. Ya sha dai, amma bai iya tashi ba. Aka ɗora shi a babur sai zauren Mode, gari duk ya biyo baya, har da masu kalangu, don an riga an ji cewa da Kwargaba za a yi wasan ƙarshe.

Mode ya kori mutane waje, ya bar Kabiru kaɗai, shugaban 'yan langa kuma babban mai tsaron ruwa. Ya zaunar da Zaharaddeen kan tabarma, ya shafa man shanu, ya fara bi da yatsa daga gwiwa zuwa ƙasa. Idon sawu ya kumbura, wannan ba komai. Amma ɗan sama da shi, a jikin ƙauri, yatsansa ya tsaya. Wuri ne ƙanƙane mai zafi, da ya danna sai numfashin saurayin ya ɗauke, ko da yake bai yi ƙara ba. Mode ya sake bi, ya sake dannawa. Ba wata tantama, ƙashi ya tsage. Irin wannan ya taɓa shi ya fi a ƙirga, maganinsa a ɗaure da kara, mutum ya kwanta har ya haɗe.

Kabiru ya durƙusa kusa da shi ya ce, “Baba Mode, mi kaj ji? Ka san in ba shi, ba mu.”

Kafin Mode ya amsa sai ga Fatsuma ta kutso cikin zaure, mayafi a karkace. Ta tsuguna daga gefe ta gaishe shi, sannan ta ce, “Malam, ni ban san langa ba, ban san kohi ba. Ɗa guda gare ni. Abin da hannunka yaj ji shi nike son ji.”

Zaharaddeen kuwa ya kafe Mode da ido. A waje kalangu na tashi, ana kiran sunan Taloka, ana kiran na Kwargaba da abin da ba ya maimaituwa. Mode ya ji kiɗan har cikin ƙirjinsa. Ya tuna 'yan Kwargaba da ƙafarsu guda a kasuwa. Shekara nawa yana jiran wannan wasa? Ya dubi saurayin, ya ce a ransa ai shi ma so yake ya shiga, dubi yadda yake kallona.

Ya ce, “Targaɗe na.”

Fatsuma ta sauke ajiyar zuciya ta yi hamdala. Kabiru kuwa bai saki fuska ba tukuna, ya ce, “To Baba, ko targaɗe na, ya zai yi tsalle bisa wagga ƙahwa? Dubi kumburi.”

Nan ne shaiɗan ya ba Mode dabara, kuma ta zo masa a shirye kamar ya daɗe yana tunaninta. Ya ce, “Kai Kabiru, langa ƙahwa nawa taka so? Guda. Shi tsaya bisa ta hagu, shi riƙe mai ciwon ga hannu. Ko ƙasa ba ta taɓawa har a tashi.”

Kai, ranar an yabi Mode. Kabiru ya fita da gudu ya shelanta, waje ya kaure da sowa. Kowa na cewa dubi abu a fili amma ba wanda ya gani sai mai ɗori, ƙafar da ke sama me zai same ta? Har liman da ba ruwansa da langa sai da ya yi murmushi. Abin takaicin, duk garin nan ba wanda ya fi Mode sanin amsar. Ƙafar da aka riƙe a langa ba hutawa take ba. A lanƙwashe take ta baya, a murɗe, duk tsalle sai hannu ya fizge ta. Kuma ita abokan hamayya ke hari, don in suka bangaje ta hannu ya saki, mutum ya mutu. Mode ya ɗauki ƙashi tsagagge ya ajiye shi daidai inda duka ke sauka.

A kwanakin da suka rage, Zaharaddeen ya yi ta koyon tsalle da hagu a bayan gari, Mode yana ɗaure masa ta dama da tsumma tamau. In ya kwance ɗaurin sai ya ga wurin bai sauka ba, sai ya yi sauri ya mayar. Ya gaya wa kansa yaro ne, ƙashinsa ɗanye ne, wasa ɗaya ne, daga an tashi zai ɗaure shi da kara yadda ya kamata. Ranar jajibiri abin ya ci shi har ya ɗauki hanyar gidan Fatsuma da nufin ya warware maganarsa. A bakin masallaci samari suka tare shi, suka kewaye shi suna yi masa kirari, wani ya ce da hannun Baba Mode za a ɗauko kofi. Ya yi dariya, ya ɗaga musu hannu, ya juyo gida. Ko ƙofar gidan Fatsuma bai kai ba.

Filin Goronyo ranar ba masaka tsinke. Mutane a kan motocin albasa, a kan katanga, a kan itatuwa, masu rake da masu ƙosai sun rasa inda za su ajiye kaya. 'Yan Taloka gabas, 'yan Kwargaba yamma, kalangu na amsa kalangu. Sharaɗi shi ne wanda ya fara sha uku ya ɗauki kofi. Mode yana bakin fili da jakar tsummansa, shi kansa bai san ko tsoro yake ji ko murna ba.

Ana jeruwa, babban mai tsaron Kwargaba, wani makiyayi mai kaurin wuya da ake kira Yazid, ya dubi Zaharaddeen sama da ƙasa. Duk yankin an san da wace ƙafa ruwan Taloka ke tsalle. Yazid ya juya ya ce wa mutanensa, “Ya sake ƙahwa. Ku bi wadda yar riƙe.”

Alƙali ya busa usur, aka haɗu. Wanda bai ga wannan wasa ba, ba ya cewa ya ga langa. Karon farko kaɗai mutum huɗu suka zube. Ruwan Kwargaba, wani ɗan gajere mai santsi, ya sulale ta gefe ya sha tun 'yan Taloka ba su gama shiri ba. Yamma ta ɗauki ihu. A zagaye na biyu Kabiru ya tara mutanensa suka yi wa Zaharaddeen katanga, suna turawa taku bayan taku, shi yana bayansu yana laɓe, da ya ga kafa sai ya fita fit ya taɓa turke. Da hagun ma ya fi su. Wani ɗan Taloka ya sha gwiwar hannu a baki, ya tofar da haƙori, ya ci gaba da tsalle bai saki ƙafa ba. Wani na Kwargaba hancinsa ya fashe, aka cusa masa tsumma ya koma. Ba wanda ya nemi a tausaya masa, ba wanda ya tausaya wa wani. Kwargaba ta ƙara, Taloka ta rama. Biyu da biyu, rana ta yi ja, muryoyi duk sun dishe.

Duk zagayen nan Yazid bai bar ƙafar ba. Ko bai kai ga Zaharaddeen ba sai ya aika wani, a gogi ƙaurin da kwankwaso, a doke shi da gwiwa a cikin cunkoso. Da aka ba da hutu kafin zagayen ƙarshe, saurayin ya zo ya zube gaban Mode, gumi na zuba, leɓensa ya yi fari. Mode ya taɓa ɗaurin ya ji zafi ta cikin tsumma, yatsun ƙafar sun fara canza launi. Ko a wannan lokacin, da a ce ya ɗaga hannu ya kira alƙali ya ce ƙashi ya taɓu, da an tsaya, ba mai cewa komai. Ya ƙara tamke tsumman, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Daure, ɗana. Saura guda.”

Zagayen ƙarshe ya fi kowanne tsawo. Aka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, fili na raguwa. Ruwan Kwargaba ya sake sulalewa, saura ƙiris ya sha, Kabiru ya taho ta gefe ya haɗa da shi da ƙirji suka faɗi tare. Da ƙura ta lafa sai ga mutum biyu kaɗai a tsaye, Zaharaddeen, da Yazid tsakaninsa da turke. Fili ya yi tsit, har kalangu ya tsaya. Zaharaddeen ya yi dama, Yazid ya bi, ya dawo hagu, ya kusa wucewa. Yazid ya ga zai kuɓuce masa, sai ya jefa jikinsa duka ta baya, kafaɗarsa ta sauka a kan ƙaurin da ke riƙe.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. A cikin dubban mutanen nan wataƙila Mode kaɗai ya san mece ce. Yazid ya wuce da ƙarfinsa ya kifa. Zaharaddeen ya yi tangaɗi, ya sunkuya har goshinsa ya kusa ƙasa, amma hannunsa bai saki ba. Ya miƙe, ya yi tsalle, ya ƙara, ya ƙara, ya faɗa kan turke ya rungume shi.

Ga abin da Mode bai taɓa yafe wa kansa ba. Ya ji ƙarar nan sarai, ya san ƙafa ta tafi, amma da saurayin ya taɓa turke sai da ya yi tsalle ya jefa hularsa sama. Ya yi ihu har muryarsa ta fashe, ya rungumi wani da bai ma sani ba, ya juya wajen 'yan Kwargaba ya ɗaga musu ƙafa guda. Murna ce ta gaske, ba ta da gauraye. Sai da ya gama sannan ya ɗauki jakarsa ya ruga. Ya tarar da Zaharaddeen a kwance ya suma, hannunsa na hagu har yanzu a damƙe da yatsun ƙafar, sai da aka ɓamɓare su ɗaya ɗaya.

Ƙashin ya karye, kuma ba karaya mai kyau ba, ya farfashe. Mode da kansa ya ce a wuce asibiti Sakkwato, abin da bai saba faɗa ba, ya kuma bi su. Aka yi abin da za a iya, aka dawo gida ya ci gaba da jinya, kullum yana gidan Fatsuma da man shanu da tofi. Ƙafa ta haɗe, amma ta haɗe a gajarce, ta ɗan karkace ciki. Wanda mai ƙafa biyu ba ya kamowa ya koma tafiya da sanda. Langa kam an gama. Noman albasa kuma ba ya son gurgu, aiki ne na tsayuwa cikin laka, da ɗaukar injin ban-ruwa a kafaɗa daga gulbi zuwa gona, da bin fangali bayan fangali ana buɗe ruwa ana toshewa.

Ba wanda ya zargi Mode, ko mutum ɗaya. Aka ce ƙaddara ce, aka ce Yazid mugu ne, aka ce ai targaɗen ma ya warke, sabuwar karaya ce. Kofi yana gidan mai gari ana zuwa kallo. Da lokacin dashe ya zo, Mode ya fara sammako gonar Zaharaddeen kafin ya je tasa. Shi ke ɗauko inji, shi ke ban-ruwa, shi ke cire ciyawa, tasa albasar tana can tana jin ƙishi. Gari ya ɗauka, ana cewa ku dubi Mode, ga ɗori ga zumunci. Liman ya kawo shi misali a wa'azi. Fatsuma kuwa duk ranar Juma'a sai ta aiko masa da tuwo da miyar kuka mai man shanu, in ta gan shi a hanya ta tsaya ta yi ta sa masa albarka, tana cewa ba don shi ba da an yanke ƙafar. Ba abin da ke ƙona shi kamar wannan albarka. Tuwon ma almajiran da ke taya shi aikin gona yake ba.

Ya daina zuwa langa. Ya ce wa Kabiru gwiwa ke damunsa, su nemi wani. A zaure kuma faɗan nan nasa ya ragu, har mata suka fara tambaya ko Mode lafiya. Abin da ya ƙaru shi ne in ya taɓa ƙafa sai ya yi ta bi yana maimaitawa, kuma ko targaɗen gaske ne sai ya ce a kwanta.

Rani biyu aka yi haka. A na uku, wata safiya, suna gona su biyu. Inji na bugawa a bakin gulbi, ruwa na bin kwalbati, Zaharaddeen yana zaune kan kunya ya miƙe gajeriyar ƙafar yana tsinke irin dashe, sandarsa a gefe. Daga cikin gari ana jiyo kalangu, gasar bana ta zo, samari za su tafi Rabah. Mode ya ga yadda saurayin ya ɗaga kai yana saurare, ya ji ba zai iya ƙara kwana da abin nan ba. Ya jingine fartanya ya zo ya tsuguna gabansa.

Ya ce, “Zaharaddeen, akwai maganad da nike son mu yi. Ta rannan, cikin zaure, sa'ad da nit taɓa ƙahwakka.”

Zaharaddeen ya sunkuyar da kai, hannunsa ya tsaya. Ya ce, “Ashe ka gane, Baba. Na san ka gane. Tun rannan nike jin kunyakka.”

“Gane mi?”

“Tsoro.” Zaharaddeen ya murza ganyen albasa. “Wallahi Baba, tun da ƙahwata tah hwaɗa ramin nan nij ji awa wani abu ya tsage ciki. Bisa babur har gidanka roƙon Allah nikai ka ce ƙashi ya taɓu, in samu in zamna ba wanda ka sa ni waƙa. Ina kallonka ina roƙo cikin raina. Ban son shiga wasan nan, Baba, ko kaɗan ban so. Da kac ce targaɗe na, sai nic ce ma kaina, to ka ji, ragon banza. Baba Mode ba ya ƙarya, tsoro na yaƙ ƙara maka ciwon. Shi yas sa ko da taƙ karye ban saki ba, ina jin haushin kaina.”



Zaharaddeen ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. “Gari na ce min jarumi, ni na san abin da nir roƙa. Ko Inna ban hwaɗa ma ba, ko matata. Don Allah, Baba, shi tsaya tsakaninmu.”

Maganar tana bakin Mode, ya zo da ita a shirye tun daga gida. Ya dubi ƙafar, ya dubi sandar, ya dubi fuskar da ke jiran ya rufa mata asiri. In ya faɗa, Fatsuma za ta ji, gari zai ji, kuma wannan yaro ba zai ƙara kallonsa haka ba. Ya san duk wannan ba hujja ba ce, ya san kansa yake ceto, karo na biyu kuma a kan mutum ɗaya.

Ya ce, “Ba ni hwaɗa ma kowa.”

“Allah shi saka da alheri, Baba,” in ji Zaharaddeen, ya share ido da bayan hannu, ya ci gaba da tsinke iri, fuskarsa ta saki kamar an sauke masa kaya.

Ruwa ya riga ya cika fangalin da suke kusa da shi har yana malala. Mode ya tashi ya ɗauki fartanya, ya shiga laka, ya juya masa baya, ya toshe wannan ya buɗe na gaba.